Sarauniya a Bisa, Iko a Majalisa

A cikin darasin tarihin ƙasa akwai wata tambaya da ke jiran kowane malami sabon fitowa. Yaro zai ɗaga hannu ya ce, "Malam, an ce mun sami mulkin kai a 1960, to, yaya kuma aka ce Sarauniyar Ingila ce shugabar Nijeriya har 1963?" Tambaya ce mai kyau, gama a wurinmu in an ce sarki, an faɗi mai iko ke nan. Sarkin da ba ya yanke shari'a, ba ya aza haraji, ba ya tuɓe hakimi, yaro bai san irinsa a littafi ba. Saboda haka ya kamata mu da za mu tsaya gaban aji mu san yadda abin yake.

Irin wannan mulki daga Ingila muka aro shi. Ga yadda aka shirya shi a nan. Ran 1 ga Oktoba 1960 Sarauniya Elizabeth ta Biyu ta zama Sarauniyar Nijeriya, amma tana zaune a London. Wakilinta a Ikko shi ne Gwamna-Janar, da fari Sir James Robertson, sa'an nan daga Nuwamba 1960 Dokta Nnamdi Azikiwe. Kowace Jiha kuma tana da Gwamna mai tsaya mata. A Kaduna Sir Gawain Bell ne, har Sir Kashim Ibrahim ya gaje shi a 1962. Da sunan Sarauniya a ke buɗe majalisa, da hannun wakilinta doka ke zama doka. Amma fa duk abin da suka yi, da shawarar ministoci suke yi, kuma shawarar nan ba irin wadda a ke ƙi ba ce. Ko jawabin da Gwamna-Janar ke karantawa ran buɗe majalisa, gwamnati ce ke shirya masa. A Ingila ma rabon da mai sarauta ya ƙi sa hannu a dokar majalisa tun 1708.

To, ina ikon yake? Yana cikin ƙidayar kujeru. A zaɓen Disamba 1959 an raba ƙasa mazaɓa 312, Arewa tana da 174, mu nan Lafiya muna cikin Lardin Binuwai a lokacin. Kowace mazaɓa ta aika mutum ɗaya Majalisar Wakilai. (A Arewa maza kaɗai suka jefa ƙuri'a, kada mu ɓoye wa yara wannan.) Jam'iyyar NPC ta fi kowa kujeru, amma ba ta kai rabi ba, sai ta haɗa kai da NCNC. Da haka Alhaji Abubakar Tafawa Ɓalewa ya riƙe Firayim Minista, Cif Obafemi Awolowo kuwa ya zama shugaban 'yan hamayya. Ku lura, ba wanda ya jefa wa Abubakar ƙuri'ar Firayim Minista. Mutanen mazaɓarsa a Bauci ne suka zaɓe shi wakili kamar kowa. Abin da ya ɗora shi bisa shi ne mafi yawan wakilai suna bayansa. Ran da suka juya masa baya a zauren majalisa, ko dai ya sauka, ko a koma zaɓe.

Ministocinsa ma dole 'yan majalisa ne. Suna zaune a gaban abokan hamayya, ana yi musu tambaya suna amsawa da bakinsu. A ganina wannan shi ne abu mafi kyau a cikin shirin duka: mai riƙe da kuɗin jama'a ba shi da wurin ɓuya. Akwai kuma majalisa ta biyu, watau ta Dattawa a Ikko. A Kaduna ta biyun ita ce Majalisar Sarakuna, inda sarakunan Arewa ke duba dokokin da Majalisar Wakilai ta Jiha ta zartar, Sardauna Ahmadu Bello yana Firimiya.

Wani zai ce, in haka ne, Sarauniya da Gwamnoninta ado ne kurum. Kusan haka, amma akwai aiki guda da ya rage a hannunsu, kuma ba ƙarami ba ne: su ne ke duba wanda ya fi magoya baya su kira shi ya kafa gwamnati. In jam'iyya ɗaya ta yi rinjaye sarai, aikin ba wuya, ko yaro ya ƙidaya. Sai ran da jam'iyya ta rabe biyu a ke gane nauyinsa.

Haka ya faru a Jihar Yamma a 1962. Awolowo da Firimiya Cif S. L. Akintola suka ɓata. Wakilai 66 cikin 124 suka sa hannu a takarda, suka ce ba su tare da Akintola. Gwamnan Jihar, Sir Adesoji Aderemi, wanda kuma shi ne Sarkin Ife, ya karɓi takardar, ya tuɓe Akintola a watan Mayu, ya naɗa Alhaji Dauda Adegbenro. Akintola ya ce sam, ba a ƙidaya goyon baya a takarda, sai a zauren majalisa an kaɗa ƙuri'a. Da majalisa ta taru a Ibadan sai faɗa ya kaure, aka yi jifa da kujeru, har 'yan sanda suka shiga. Gwamnatin Tarayya ta kafa dokar ta-ɓaci, ta ba Dokta Moses Majekodunmi riƙon Jihar.

Magana ta je kotu. Babbar Kotun Tarayya ta ba Akintola gaskiya. Alƙalan Majalisar Sarauniya a London, waɗanda a lokacin su ne ƙarshen ɗaukaka ƙara, suka juyar da hukuncin a Mayu 1963, suka ce bisa ga rubutun doka Gwamna yana da wannan dama. Amma kafin nan Akintola ya riga ya koma kujerarsa, majalisar Jihar kuwa ta gyara tsarin mulkinta yadda hukuncin London ba zai ci ba. Ni dai ina ganin ko da doka ta ba Gwamna dama, da ya jira ƙuri'ar majalisa da ya fi, domin amfanin shugaba irin wannan shi ne kowane ɓangare ya yarda ba ya da gefe.

Ran 1 ga Oktoba 1963 Nijeriya ta zama jamhuriya. Aka cire sunan Sarauniya, aka daina kai ƙara London, Azikiwe ya koma Shugaban Ƙasa, amma iko ya zauna wurin Firayim Minista kamar dā. Soja suka rushe shirin a Janairu 1966. Da farar hula suka dawo a 1979 sai aka ɗauki irin na Amurka, inda mutum ɗaya ne shugaban ƙasa kuma shugaban gwamnati. Ingila kuwa tana nan a kan nata, Sarki Charles na Uku yana bisa gado tun 2022.

In yaro ya ce, "Ashe kamar Sarkin Lafiya ke nan?" sai a ce masa akwai kama: girma, da shawara, da sulhunta jama'a, ba tare da riƙon baitulmalin gwamnati ba, musamman tun gyaran ƙananan hukumomi na 1976. Amma a nuna masa bambancin. A Ingila Sarki ne ke naɗa Firayim Minista, a Jihar Nasarawa kuwa Gwamna ne ke miƙa wa Sarki sanda.