IN KUNNE YA JI, JIKI YA TSIRA: SANARWA TA WAYA GA MATAFIYA A SABON TASHA

TUN da assalatu Sabon Tasha ta riga ta farka. 'Yan kamasho sun buɗe murya suna kiran Kachia, Zonkwa, Kwoi da Kafanchan, mata masu buhunan kaya suna ciniki da yaran mota, ma'aikata da 'yan makaranta kuwa suna tsaye bakin titi suna jiran bas da za ta shiga da su cikin garin Kaduna. Ko wannensu yana son ya san abu biyu, watau yaushe mota za ta tashi, kuma ko hanya lafiya. Har yau ɗan kamasho ne mai ba da amsa, shi kuwa amsarsa ba ta sakewa: saura mutum ɗaya.

Wannan unguwa da ke cikin ƙaramar hukumar Chikun ita ce ƙofar Kaduna ta wajen kudu. Daga nan hanya ta miƙe ta wuce matatar mai da aka buɗe a 1980, ta bi ta Maraban Rido, Kujama, Kasuwan Magani, Kufana da Idon har Kachia, sa'an nan ta rabu, wani ya bi ta Zonkwa, wani ta Kwoi, su haɗu a Kafanchan. Hanya ce da matafiya ba su son dare ya riske su a kanta, saboda sace-sacen mutane da aka sha fama da shi cikin shekarun baya. Don haka awa uku da mutum ya ɓata a tasha ba ƙaramar hasara ba ce, domin ita ce za ta sa ya isa gida da rana ko kuwa ya shiga daji da duhu.

A manyan biranen duniya an daɗe da samun maganin wannan jira. Kamfanin mota ko na jirgin ƙasa yakan sa manhaja a wayar fasinja, in wani abu ya faru sai ya aika masa da sanarwa ta cikinta nan take. To, ko wannan dabara za ta yi amfani a wuri irin Sabon Tasha? Kafin a yanke hukunci ya kamata mai karatu ya waiwaya baya kaɗan.

ZAMANIN RELUWE

Mutanen kudancin Kaduna ba baƙin tafiya mai lokaci ba ne. Garin Kafanchan kansa reluwe ne ya raya shi. A 1927 layin dogo da ya taso daga Fatakwal ya haɗu da Kaduna ta Kafanchan, aka kuma ja reshe daga nan zuwa Jos, sai garin ya zama mahaɗa, ma'aikata daga kudu da arewa suka zo suka zauna. A wancan zamani tasha da tasha suna magana da juna ta wayar tangaraho. In jirgi zai makara shugaban tasha yakan sani tun kafin fasinja, a rubuta a allo da alli, in ya kusa a kaɗa ƙararrawa. Ko da yake jirgin yakan makara ƙwarai, akwai mutum ɗaya sananne da hakkin faɗin gaskiya ya rataya a wuyansa.

Da harkar jirgin ƙasa ta lalace, sai fasinja da kaya suka koma kan titi. Ƙungiyar direbobi ta NURTW, wadda aka kafa a 1978, ita ta riƙe tashoshin mota, ita ke tsara layi, ita ke yanka kuɗin mota. Sai dai mota ba ta da agogo, sai ta cika take tashi, saboda haka allo da ƙararrawa suka ɓace, aka bar fasinja da bakin ɗan kamasho.

JIRGIN RIGASA

Jirgin ƙasa ya dawo Kaduna da sabon layi ran 26 ga watan Yuli 2016, lokacin da Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe hanyar Abuja zuwa Kaduna mai tsawon kilomita 186, daga Idu zuwa Rigasa. Da tsoron hanyar mota ya ƙaru sai jama'a suka yi wa jirgin caa, tikiti ya yi wuya, 'yan sama-da-faɗi suka riƙa saye suna sayarwa da tsada. A watan Janairu 2021 Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya ta fara sayar da tikiti ta intanet da manhajar waya a wannan layi. Wannan shi ne misali mafi kusa da mutumin Sabon Tasha yake da shi na sufurin jama'a da ke hulɗa da fasinja ta waya.

Tarihin wannan layi ya nuna yawan lokutan da fasinja ke bukatar labari da gaggawa. A watan Oktoba 2021 an fasa dogo da nakiya kusa da Rijana, aka dakatar da jirgi na 'yan kwanaki. A watan Nuwamba na shekarar ma'aikatan reluwe suka yi yajin aikin gargaɗi. Ran 28 ga Maris 2022 'yan bindiga suka kai wa jirgin hari a yankin Katari, suka kashe mutane, suka sace fiye da 60, aka rufe layin. Hukuma ta ce za a koma aiki ran 23 ga Mayu, iyalan waɗanda aka sace suka ƙi yarda, aka fasa. Aka sake sa 28 ga Nuwamba, aka ɗaga, sai ran 5 ga Disamba jirgin ya tashi. Bayan haka ya kauce daga dogo a Kubwa a watan Janairu 2023, ya sake kaucewa a Asham ran 26 ga Agusta 2025, aka sake tsayar da shi na makonni.

A duk irin wannan rana akwai wanda ya riga ya biya kuɗin tikiti, ya tashi daga Sabon Tasha ko Ungwan Boro, ya ratsa Kakuri, ya karkata ta Bakin Ruwa zuwa Rigasa, ya kashe kuɗin keke-napep da na bas, alhali kuwa jirgi ba zai tashi ba. Hukuma takan fid da takardar sanarwa ga 'yan jarida, gidajen rediyo su karanta, a sa a shafukan sada zumunta. Amma sanarwar jarida ta kowa da kowa ce. Wanda ya fi bukatarta shi ne mai tikitin ƙarfe kaza na yau, shi kuwa sunansa da lambar wayarsa suna hannun mai sayar da tikiti, musamman tun Disamba 2022 da aka wajabta nuna lambar shaidar ɗan ƙasa kafin a sayi tikiti.

YADDA ABIN KE AIKI

Sanarwa ta manhaja iri uku ce. Akwai wadda ke faɗowa a fuskar waya da ƙara ko da mutum bai buɗe manhajar ba, wannan ta abin gaggawa ce kamar fasa tafiya. Akwai wadda mutum zai tarar a saman shafi in ya buɗe, ita ta dace da ƙarin kuɗin mota ko sauya lokaci a mako mai zuwa. Ta uku ita ce akwatin saƙonni inda ake ajiye tsofaffin sanarwa don mai son ya koma ya duba. Amfaninta a kan rediyo shi ne ana iya zaɓen wanda za a aika wa, alal misali masu tikitin jirgin safe kaɗai, ko masu bin hanya ɗaya kaɗai.

Sanarwa mai kyau gajeruwa ce, kuma tana faɗin abin da ya faru, da jirgi ko motar da abin ya shafa, da abin da fasinja zai yi, da yadda za a mayar masa da kuɗinsa, da lokacin da zai sake jin labari. Masu wannan aiki a ƙasashen waje sun gane cewa in aka cika wa mutum waya da talla da gaisuwar biki, sai ya kashe ƙarar manhajar, ranar da muhimmin saƙo ya zo kuwa ba zai ji ba.

A London hukumar sufurin birnin ta fito da manhajarta mai suna TfL Go a 2020. A Nairobi ta ƙasar Kenya, inda ƙananan motocin haya da ake kira matatu suke aiki kusan irin na nan, masu bincike sun hau motocin da wayoyinsu suna auna hanyoyi, har suka fid da taswirar layukan birnin a 2014. Ikko ma ta fara bas mai hanya ta musamman tun 2008, ta buɗe jirgin Blue Line a watan Satumba 2023, ana biyan kuɗi da katin Cowry.

MOTA SAI TA CIKA

Cikas na farko a Sabon Tasha shi ne babu jadawali, ba kuwa za a sanar da jinkirin motar da ba ta da lokacin tashi ba. Amma akwai abubuwan da tasha ta sani waɗanda fasinja ke so: kujera nawa ta rage, nawa ne kuɗin Kafanchan yau, ƙarfe nawa motar ƙarshe za ta bar tasha, ko gada ta karye, ko an tare hanya. Tun da aka cire tallafin man fetur ran 29 ga Mayu 2023 kuɗin mota ya riƙa hawa, har mutum yakan zo tasha da kuɗin jiya ya tarar bai isa ba. Bugu da ƙari, a tashoshi da yawa fasinja na rubuta sunansa da lambar wayarsa da ta ɗan'uwansa a takarda kafin mota ta tashi, watau lambobin suna nan, amfani da su ne ba a yi sai an yi haɗari.

Inda dabarar ta fi sauƙin kamawa shi ne motocin gwamnati. A watan Yuni 2025 Shugaba Bola Tinubu ya ƙaddamar da bas 100 masu aiki da iskar gas da gwamnatin Gwamna Uba Sani ta saya, aka fara ɗaukar ma'aikata, ɗalibai da 'yan fansho kyauta. Gwamnatin jihar ta kuma bayyana shirin hanyar bas ta musamman daga Kawo zuwa Sabon Tasha. Mota mai hanya sananniya, da wuraren tsayawa sanannu, da ofis guda da ke kula da ita, ita ce ake iya gaya wa fasinja inda take da lokacin da za ta iso.

RANAR DA WAYA TA YI SHIRU

Cikas na biyu ya fi na farko nauyi. A ƙarshen watan Satumba 2021 aka rufe layukan waya a wasu sassan Jihar Kaduna don yaƙi da 'yan bindiga, ba a buɗe ba sai ƙarshen Nuwamba. Kusan wata biyu ke nan da babu manhajar da za ta isa ga mutanen waɗannan wurare. Ko ba a rufe ba, akwai inda waya ba ta kamawa a hanyar Kachia, akwai kuma dattijuwa mai buhun citta da ƙaramar waya ce a hannunta, ba ta intanet. Ita sai gajeren saƙo ko kiran murya. Shi gajeren saƙo haruffa 160 yake ɗauka, in kuwa aka sa haruffan Hausa masu lanƙwasa irin su ƙ da ɗ sai ya ragu zuwa 70, abin da ya kamata mai rubuta sanarwa ya sani.

Sai maganar harshe. A mota guda za a sami Bajju, Atyap, Ham, Adara, Gbagyi, Bahaushe, Bafillace da Ibo, kuma Hausa ce ta haɗa yawancinsu a kasuwa da tasha. Sanarwar da aka rubuta da Turancin ofis kaɗai ta bar mutane da yawa a baya. Wanda bai iya karatu ba kuwa saƙon murya ne nasa.

Akwai kuma haɗarin jita-jita. Bayan rikicin Kasuwan Magani a watan Oktoba 2018, an sa dokar hana fita ta awa 24 a garin Kaduna ran 21 ga watan, matafiya da dama suka maƙale a hanya. A irin wannan rana saƙonni marasa tushe sukan cika WhatsApp, wani ya ce an tare can, wani ya ce an ƙone nan, su kansu suna iya hura wutar. Saƙo guda daga tushe sananne, mai ɗauke da lokaci da sunan ofishin da ya aiko, yana iya tsayar da mota a Kachia ta kwana lafiya.

ABIN DA YA RAGE

Manhaja dai ba ta san kome ba sai abin da mutum ya gaya mata. Dole a sami ma'aikaci a bakin aiki dare da rana, wanda direbobi da jami'an tsaro za su bugo wa, aka kuma ba shi iko ya aika da saƙo ba tare da ya jira sa hannun manya ba. Dole a haɗa ta da gajeren saƙo, da rediyo, da lasifika a tasha, da allo irin na zamanin reluwe. Lambobin jama'a kuma amana ce, dokar kare bayanan mutane da aka sa wa hannu a watan Yuni 2023 ta hana a yi yadda aka ga dama da su. Haka nan in ba a jawo shugabannin tasha da 'yan kamasho cikin shirin ba, ba zai je ko'ina ba, domin su ne suka san motar da ke kan layi, kuma babu mai taimakon abin da yake zaton zai raba shi da abincinsa.

Ran da mutumin Sabon Tasha zai duba wayarsa tun yana gida ya san cewa jirgin Rigasa ba zai tashi ba, ko motar Kafanchan ta ƙarshe saura kujera biyu, ya sami sauƙin aljihu, watakila ma ya tsira da ransa. Allah Ya kai kowa gida lafiya.