Cinikin Biri A Sama: Yadda Musulmi Zai Auna Hannun Jari Kafin Ya Saya

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

A 'yan shekarun nan hannun jari ya baro ofisoshin Legas ya shigo aljihun mutane. Ɗalibi a Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, ko malamin firamare a Kurfi, yana iya buɗe manhaja a wayarsa ya sayi hannun jarin kamfanin siminti ko na sadarwa bai tashi daga kan tabarma ba. Tambayar da aka fi kawo wa malamai ita ce: halal ne ko haram? Tambaya ce mai kyau, sai dai tana da 'yar'uwa da ake yawan mantawa: shin abin da zan saya ya kai kuɗin da ake nema a kansa? Shari'a ta kula da duka biyun, domin kiyaye dukiya yana cikin manyan manufofinta guda biyar, kuma ɓarnatar da ita abin ƙi ne ko da ta hanyar halal aka bi.

Hannun jari yanki ne na mallakar kamfani. Wanda ya saye shi ya zama abokin tarayya a injuna da gine-gine da riba, haka nan a bashi da asara. Wannan tarayya ba baƙuwa ba ce a tarihinmu. Imamu Buhari ya ruwaito cewa Zubairu ɗan Awwam, Allah Ya ƙara masa yarda, ya rasu bai bar tsabar kuɗi ba sai filaye da gidaje, ga bashin miliyan 2 da dubu 200 a kansa. Daga cikin filayen akwai Gaba, a gefen Madina, wanda ya saya a kan dubu 170. Ɗansa Abdullahi ya kasa filin kashi-kashi, aka ƙiyasta kowane kaso a kan dubu 100, Mu'awiya da wasu manyan mutane suka saya, jimillar kuɗin ta kai miliyan 1 da dubu 600. A duba da kyau: kadara ce ta zahiri, an san iyakarta, an yi mata ƙiyasi a fili, kuma mai ita ya yi shekaru yana riƙe da ita.

Sikeli na farko: halacci

Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na Jidda a 1992, ta tabbatar da halaccin sayen hannun jari a kamfanin da sana'arsa halal ce, da haramcinsa a kamfanin da aka kafa a kan haram, kamar bankin kuɗin ruwa da kamfanin giya da na caca. Saɓani yana kan kamfanin da sana'arsa halal ce amma yana cin bashi da ruwa ko yana ajiya a bankin da ke ba shi ruwa. Majalisar ta ɗauki hani a matsayin asali, kuma manyan malamai da dama suna kan haka. Hukumar AAOIFI da ke Bahrain kuwa ta yi rangwame bisa sharuɗɗa: bashin ruwa kada ya wuce kashi 30 cikin 100 na darajar kamfanin a kasuwa, ajiyar da ke jawo ruwa ita ma kada ta wuce kashi 30, kuɗin shiga na haram kada ya wuce kashi 5. Wanda ya bi wannan ra'ayi dole ya tsarkake rabonsa: idan kashi 2 na kuɗin shigar kamfani daga ruwa ya fito, sai ya fitar da gwargwadon haka ya ba mabuƙata ba da niyyar sadaka ba. Wanda ya nisanci irin waɗannan kamfanoni gaba ɗaya ya fi kuɓutar da addininsa.

Amma halacci ba lamunin riba ba ne. Ragon layya halal ne, duk da haka wanda ya sayi ramamme a kuɗin ƙosasshe ya cutu.

Sikeli na biyu: daraja

Duk wanda ya taɓa zuwa kara a kasuwar Dutsin-Ma ko ta Charanchi ya ga yadda mai turka ke sayen sa. Ba ya sauraron kirarin dillali. Yana buɗe baki ya duba haƙora, ya shafa tozo da ƙirji, ya sa a ja dabbar ya ga tafiyarta, sannan ya lissafa dusa da kowa da harawar da za ta ci kafin Sallah. Daga nan ne yake taya, kuma yana tayawa ƙasa da abin da ya ƙiyasta, domin ya bar wa kansa sarari idan ciwo ya zo ko kasuwa ta faɗi.

Wannan shi ne abin da Benjamin Graham, malami a Jami'ar Kolumbiya ta Amurka, ya tsara a littattafansa na 1934 da 1949, bayan faɗuwar kasuwar New York a 1929, kuma ɗalibinsa Warren Buffett ya shahara da shi. Jigon koyarwar shi ne farashi daban, daraja daban. Farashi yana hawa da sauka kullum bisa tsoro da kwaɗayin mutane, daraja kuwa tana tafe da abin da kamfani ya mallaka da abin da yake samarwa. Ba duk kamfanonin Buffett ne suka dace da Musulmi ba, domin inshora da bankuna suna da babban kaso a dukiyarsa, amma ma'aunin nasa na hankali ne.

Ga misali. A ce injin niƙa a Kurfi yana barin naira dubu 200 a shekara bayan an cire mai da gyara da haƙƙin yaro. In an sayar maka da shi naira miliyan 1, shekara 5 za ka mayar da kuɗinka. In aka ce miliyan 4, sai ka jira shekara 20, ƙila kafin nan injin ya mutu. Inji ɗaya ne, amma cinikin farko riba ne, na biyu wahala. Haka ake yi wa hannun jari: a raba farashinsa da ribar da kowane hannu ya samu a shekara. Hannun naira 50 mai ribar naira 5 shekara 10 ke nan. Sannan a gwada wannan da hauhawar farashi, wadda ta haura kashi 30 cikin 100 a Najeriya a 2024. Ribar da ba ta kamo tsadar masara ba, raguwa ce da sunan ƙaruwa.

Bayan haka a duba rahoton shekara na kamfanin, na shekaru biyar a jere. Ribar tana ɗorewa ko ta shekara ɗaya ce? Kuɗi suna shigowa hannu, ko ciniki ne na bashi a takarda? Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana a ƙi tatsar akuya ko raƙuma kwanaki domin hantsarta ta cika a yaudari mai saye, har ya ba wanda aka yaudara zaɓin mayarwa. Kamfanoni ma ana cika musu hantsa. A 2006 ya bayyana cewa an yi shekaru ana kumbura alƙaluman Cadbury Nigeria, lamarin da ya ci kujerun shugabanninsa, masu hannun jari kuma suka kwana ciki.

Sai bashi, inda sikelin biyu suke haɗuwa. Lokacin da darajar naira ta faɗi a 2023, kamfanonin da ke da nauyin dala a kansu sun jigata. MTN Nigeria, duk da yawan masu amfani da layinsa, ya bayyana asarar kusan naira biliyan 137 a shekarar. Iyakar da malamai suka sa wa bashi domin tsare addini, ita ce kuma mai lissafi yake sawa domin tsare jari.

Darasin 2008

Bayan haɗe bankuna a 2005, an yi rububin sayen hannun jari a ƙasar nan. Ma'aikata da 'yan kasuwa da 'yan fansho sun shiga, wasu da bashin da bankunan kansu suka ba su. Ma'aunin kasuwar ya haura maki 66,000 a Maris 2008, kafin ƙarshen shekarar ya sauko ƙasa da 32,000. A 2009 Babban Banki ƙarƙashin Sanusi Lamido Sanusi ya sauke shugabannin wasu bankuna, a 2011 kuma aka karɓe Afribank da Spring Bank da Bank PHB, jarin masu hannu a cikinsu ya salwanta. Da yawa daga cikin waɗanda abin ya shafa ba su taɓa karanta rahoton bankin da suka saya ba. Sun saya ne domin farashi yana hawa kuma maƙwabci ya saya. Abin da ya faru da MMM a Disamba 2016 da CBEX a Afrilu 2025 ya fi wannan muni, domin can babu ma kadarar da za a auna. Duk wanda ya yi maka alkawarin ninka kuɗi cikin wata guda, da kuɗin na bayanka zai biya ka, kuma wannan cin dukiyar mutane ne da ɓarna.

Idan kamfani ya sayi kamfani

Kamfanin simintin Sakkwato, wanda aka kafa a 1962, ya koma hannun BUA wajen 2010. A 2018 aka haɗe shi da sabuwar masana'antar Kalambaina, daga baya da ta Obu a Jihar Edo, aka samu BUA Cement da ya shiga kasuwa a Janairu 2020. Mai irin wannan saye ba farashin ranar yake kallo ba. Yana kallon dutsen da ke ƙarƙashin ƙasa, da kusancin kasuwar Arewa maso Yamma da Nijar, da shekarun da zai ɗauka kafin ya mayar da kuɗinsa. Ƙaramin mai hannun jari, idan takardar haɗewa ta iso masa, ya tambayi abu uku: hannu nawa za a ba ni a madadin nawa, bashin wa zan gada, kuma sana'ar sabon kamfanin tana nan a kan halal?

Ga wanda ba shi da lokacin bincike

Ba kowa ne zai iya karanta rahoton kamfani ba, kuma ba aibi ba ne. Akwai asusun haɗaka, inda ƙwararru ke juya kuɗin jama'a bisa lada. Lotus Capital ya buɗe asusun halal a 2008, a 2012 kuma aka ƙaddamar da ma'aunin kamfanonin da suka dace da Shari'a a kasuwar Legas. Jaiz, bankin Musulunci na farko mai cikakken lasisi a ƙasar, ya fara aiki a 2012 ya shiga kasuwar a 2017, shekarar da Gwamnatin Tarayya ta fitar da sukuk na farko na naira biliyan 100 domin gina hanyoyi. Sai dai kalmar halal a jikin takarda ba ta ɗauke wa mutum tambaya. Asusun yana da rajista da hukumar SEC? Su wane ne malaman da ke sa ido a kansa? Nawa ake cira a shekara? Me ya samar cikin shekaru biyar idan aka gwada da tsadar kaya?

Haƙƙoƙi biyu sun rage. Na farko zakka: mai saye da sayarwa yana fitar da kashi 2.5 cikin 100 na darajar hannun jarinsa a kasuwa idan nisabi ya cika shekara ta kewayo, mai riƙewa domin rabon riba kuwa hukuncinsa yana da bayani, sai ya zauna da malami. Na biyu gado: rabon ribar da ba a karɓa ba a Najeriya ya haura naira biliyan 150, kuma a ciki akwai na mamatan da iyalansu ba su san da jarin ba. Maigida ya rubuta abin da ya mallaka, ya sanar da iyalinsa.

Ya ɗan'uwa mai karatu, kada ka sa kuɗin cefane ko na makarantar yara ko na takin bana, kada kuma ka ci bashi domin sayen hannun jari. Sa abin da za ka iya mantawa da shi shekaru, a kamfanin da za ka iya bayyana wa mahaifiyarka sana'arsa da Hausa. In farashi ya wuce abin da ka ƙiyasta, haƙura ka jira, kasuwa ba ta ci sau ɗaya ta watse. Bayan bincike ka yi istihara, ka dogara ga Allah.

Allah Ya azurta mu da halal, Ya sanya mana albarka a cikinsa. Allah ne Mafi sani.