Mazan Jiya: Daga Ƙasar Mubi Zuwa Dajin Bama

Ɗan Arewa mazaunin Ikko yakan wuce barikin Dodan ko na Tamandu ko Myohaung, bai san asalin sunayen ba. To, duk wurare ne a ƙasar Bama, inda sojojin ƙasa na Rejiman ɗin Nijeriya suka gwabza da Japanawa. A Janairun 1945 aka ci Myohaung.

Mutanen Gella, hedikwatar Mubi ta Kudu, suna da nasu dalilin tunawa da wannan runduna. Da can ƙasarsu tana hannun Jamus. Sojojin Nijeriya, tare da na Faransa, suka ci Garwa a 1915, Mora ta sallama a 1916, yankin Mubi kuwa ya koma hannun Ingilishi, har ya shiga Nijeriya a 1961.

Tushen rundunar 'yan Hausar Gulba ne na 1863. Hausa ce harshen bariki, bishiyar kwakwa ce tambarinta, jar dara kuwa kwalliyar fareti. Wanda ya dawo gida da lambobi a ƙirji, ana ce masa mazan jiya.

Kowace 15 ga Janairu, ranar da yaƙin basasa ya ƙare a 1970, akan tuna da su. Amma 'yan Bama sun kusa ƙarewa, labarinsu kuwa yawanci a baki yake. Wanda ya je gida ganin dangi, ya nemi lambobin kakansa da takardar sallamarsa, ya adana kafin gara ta riga shi.