Ciwon da Ke Satar Gani a Ɓoye

Ko da yake jama'a sun laƙaba wa gulukoma sunan hawan jinin ido, haƙiƙanin al'amari ba jini ne ke hawa ba, wani ruwa ne garai-garai da Allah cikin hikimarsa ya sa ido ke samarwa kullum, wanda idan magudanarsa ta toshe sai ya taru, ya danne jijiyar gani, ta riƙa mutuwa sannu a hankali daga gefe, galibi ba zafi ba raɗaɗi, har mai shi ya wayi gari yana tuntuɓe. Gado na daga cikin manyan sabubbansa, haka wuce shekara 40, da rauni a ido, da ɗiga maganin sitiroid ba da izinin likita ba. Baƙaƙen fata kuwa ya fi addabarsu.

Abin da ya salwanta na gani ba ya komowa, saura ake tsarewa. Daga cikin magungunan ɗigawa, Timolol yana rage ruwan, amma mai asma ya nisance shi. Latanoprost, ɗigo guda da dare, hanyar fita yake buɗewa. Illar da na fi gani ita ce ƙosawa, domin da yawa, in kwalba ta ƙare ba su ga canji ba, sai su daina, alhali magani ne na muddin rai.