Me Ɗaliban da Ke Yawo da Takardar Tambayoyi Suke Nema?

A kasuwar Sara da ke Gwaram, ko cikin garin Birnin Kudu, akan ga matashi riƙe da takarda yana tambayar 'yan kasuwa yadda suke samun jari. Galibi ɗalibi ne mai binciken kammala karatu daga makarantu irin su Jami'ar Tarayya ta Dutse, wadda aka kafa a 2011.

Ɗalibin fannin kasuwanci yakan bincika adashi da bashi. Na nazarin zamantakewa yana duba dalilin barin makaranta ko tafiya ci-rani, shi kuwa na nazarin halayyar ɗan'adam damuwa da shaye-shaye yake bibiya. Da yake ɗalibi ba zai iya tambayar kowa da kowa ba, sai ya zaɓi wasu su wakilci sauran, ya tattara amsoshinsu, ya ƙirga, malaminsa ya duba.

In mai bincike ya zo wurinka, ƙa'ida ce ya bayyana manufarsa, ya nemi izini, ya sakaya sunanka. Kana da damar ƙin amsawa. In kuwa ka amince, faɗi gaskiya, domin amsar ƙarya tana ɓata sakamakon gaba ɗaya.