Zufar Afrilu daban, motsa jiki daban

Wani gajeren bidiyo ne ya tayar da maganar a teburin mai shayi a Gashuwa, bayan sallar isha'i. Wani matashi ya miƙa wa kawunsa waya. Tsofaffi ne su huɗu a bidiyon, maza biyu mata biyu, kai ya yi fari fat, suna buga wata ƙwallon roba ta saman raga da abin bugu irin na ƙwallon tebur, sai dai ya fi shi faɗi. Kawun ya kalla ya mayar da wayar.

"Waɗannan ai ƙoshi ne ya yi musu yawa," in ji shi. "Ni da nake yini ina zufa a shago, wane motsa jiki kuma ya rage mini?"

"Kawu, ai ba ɗaya ba ne," in ji yaron, amma babu wanda ya saurare shi. Wani ma ya ƙara da cewa a garin da ciwon ƙoda ya addabi mutane, wanda ya fita neman ƙarin zufa da gangan ya sayi ciwo da kuɗinsa.

Yaron nan shi ke da gaskiya, kuma tun daren maganar take damuna.

Wasan da suka gani shi ne Amurkawa ke kira pickleball, mu kuwa bakinmu zai fi sakewa da fikilbol. A 1965 aka ƙirƙiro shi a tsibirin Bainbridge da ke jihar Washington. Joel Pritchard, wanda daga baya ya zama ɗan majalisar wakilan Amurka, da abokinsa Bill Bell ne suka tarar da iyalansu zaune babu abin yi. Akwai tsohon filin badminton a gidan amma kayan wasan ba su cika ba, sai suka ɗauko abin buga ƙwallon tebur da wata ƙwallon roba mai huji-huji, suka sassauto da ragar ƙasa. Abokinsu Barney McCallum ya shigo aka tsara dokoki. Wasan ya daɗe yana tafiyar hawainiya, sannan ya bunƙasa a 'yan shekarun nan. Ƙungiyar masu sana'ar kayan wasanni ta Amurka ta ƙiyasta masu buga shi sun kai miliyan 4.8 a 2021, suka haura miliyan 13 a 2023. A cibiyoyin unguwanni da dama can har layi ake bi kafin a samu fili.

Sirrin yana cikin tsarinsa. Tsawon filin ƙafa 44 ne, faɗinsa ƙafa 20, daidai da filin badminton, wato tsakar gidan wani attajirin ta fi shi girma. Yawanci mutum huɗu ke bugawa, biyu-biyu, saboda haka gudun ba shi da yawa. Hujin da ke jikin ƙwallon yana sa iska ta rage mata gudu. Bugun farko daga ƙasa ake ɗago shi. Akwai kuma yanki mai ƙafa 7 a kowane gefen raga inda aka hana mutum ya tsaya ya doki ƙwallo kafin ta taɓa ƙasa, kuma wannan dokar ce ta karya lagon mai tsawo da mai ƙarfi. Shi ya sa ɗan shekara 65 mai dabara kan iya cinye ɗan shekara 25 mai ji da ƙarfi. Wasa ne da aka yanka daidai jikin wanda gwiwarsa ta fara magana.

To mu dawo ga zufar kawu, domin nan ne kuskuren yake, kuma ba shi kaɗai ke yin sa ba.

Dubi randar da ke ƙarƙashin bishiya a ƙofar masallaci. Jikinta kullum a jiƙe yake. Ruwa ne ke tsattsafowa ta ƙananan ƙofofin yumɓu, iska ta busar da shi, bushewar ta tafi da zafi, ruwan ciki ya yi sanyi. Randa tana zufa daga safe har dare, amma ko taku ɗaya ba ta yi ba. Fatar mutum haka take aiki. Zufa hanyar sanyaya jiki ce, kuma a Nguru cikin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ko wanda ke kwance a tabarma sai ya jiƙe sharkaf. Ko ka dubi motar da ta yini a tasha cikin rana tana jiran fasinja. Taɓa murfin injinta ka ji yadda zai ƙona maka hannu, alhali injin bai tashi ba, mai bai zagaya ba, taya ba ta juya ba. Zafin waje ne. Mai shagon da ya yini a kan benci yana fifita da kwali, motar nan ce.

Abin da ake kira motsa jiki a cikin tsoka yake faruwa. Idan manyan tsokokin cinya da ƙwauri da baya suka shiga aiki suka daɗe a kai, sukan nemi ƙarin iska da sukari, zuciya kuma ta amsa da ƙarin bugu. Idan aka maimaita haka mako bayan mako, zuciya takan koyi tura jini mai yawa a bugu ɗaya, jijiyoyin jini su saki, hawan jini ya ɗan sauka, tsoka kuma ta ƙware wajen janye sukari daga jini. Duk manomin fadamar kogin Yobe ya san halin injin ban ruwan da aka jingine tun farkon damina ba a taɓa tayar da shi ba. Ranar da rani ya zo aka buƙace shi, sai an sha wahala kafin ya yi tari. Wanda ake tayarwa lokaci-lokaci kuwa ja ɗaya yake kamawa.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojinta na 2020, ta ce baligi na buƙatar minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako. Minti 30 sau biyar ke nan, a ƙalla. Awon kuma ba ya buƙatar na'ura: idan numfashinka ya ƙaru har kana iya magana amma ba ka iya rera waƙa, ka shiga sahu. Ba da masunci ko manomin shinkafa ko mai turin kurar ruwa nake ba, su jikinsu yana karɓar fiye da rabonsa. Da ma'aikacin ofis nake, da malamin makaranta, da ɗan kasuwar da Keke Napep ke ɗauka daga ƙofar gida ya ajiye a ƙofar shago, da uwar gidan da injin niƙa ya raba da turmi. Sauƙin rayuwa alheri ne, babu mai cewa a koma daka. Sai dai aikin da turmi da keke da tafiyar ƙafa ke yi wa zuciya ya tafi, ba a kuma kawo madadinsa ba.

Tsoron ƙoda kuwa ba abin rainawa ba ne. A ƙasar Bade da wuya ka sami wanda bai san gidan da ake jigilar wani zuwa wankin ƙoda ba, kuma masana, ciki har da na cibiyar binciken lafiya ta Jami'ar Jihar Yobe da ke Damaturu, suna bin diddigin musabbabin yawaitar ciwon. Gaskiya ne cewa aikin ƙarfi cikin tsananin zafi babu isasshen ruwa yana wahalar da ƙoda. An ga haka a tsakanin masu saran rake a Nikaraguwa da El Salbado. Amma a duniya baki ɗaya, ciwon sukari da hawan jini ne kan gaba wajen lalata ƙoda, kuma zaman wuri ɗaya abokin tafiyarsu ne. Wanda ya ƙi motsi don tsoron ƙoda ya gudu daga rana ya faɗa wuta. Abin yi shi ne a zaɓi lokaci, bayan asuba ko bayan la'asar sakaliya, a azumi kuma bayan tarawihi. A sha ruwa kafin a fara da bayan an gama, a kuma duba fitsari, idan ya yi duhu jiki na neman ruwa. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne haɗin maganin gajiya da ake saya a kemis ana haɗiya kamar gyaɗa. Irin su diclofenac da ibuprofen, idan suka haɗu da ƙarancin ruwa a jiki, suna iya yi wa ƙoda illa sosai. Wanda ya haura 40, ya fara auna jininsa, ko a Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Nguru ko a asibitin da ya fi kusa. Wanda aka riga aka ce yana da ciwon ƙoda ko na zuciya, likitansa ne zai faɗa masa iyakarsa, har da yawan ruwan da zai sha.

Wani zai ce to a yi tattaki mana, me ya kawo wasa? Tattaki yana da kyau ƙwarai, amma mutum nawa ka sani da suka fara shi bayan likita ya tsorata su, suka daina kafin wata ya cika? Wani bincike da aka yi a birnin Kofanhegan na ƙasar Denmak, aka wallafa a 2018, ya bi mutane fiye da 8,500 har tsawon shekara 25. Idan aka kwatanta da marasa motsa jiki, masu buga tanis sun fi su tsawon rai da kimanin shekara 9.7, masu badminton da 6.2, masu sassarfa da 3.2. Irin wannan bincike alaƙa yake nunawa, ba ya yanke hukunci, amma masu binciken sun lura cewa wasannin da ake yi da abokin bugu ne suka zo gaba. Ni ban yi mamaki ba. Idan mutum uku na tsaye suna jiranka ka cika na huɗu, kunya kaɗai ta isa ta tashe ka daga kan katifa.

Kunyar nan kuwa a wurinmu juyawa ta yi. Saurayi yana buga ƙwallo kullum da yamma har ranar da aka ɗaura masa aure, daga nan sai ya rataye takalmi, wai girma ya zo. Abin da ya rage masa dara ce da ludo da karta, duk a zaune. Na taɓa tsayawa a bakin wani teburin ƙwallon tebur a Nguru, katako ne da aka ɗora a kan bulo, ragarsa wani falange da aka gicciya. Yara na bugawa suna ihu, wani magidanci kuma na tsaye daga gefe, hannu a baya, kansa na bin ƙwallon hagu da dama. Wani yaro ya miƙa masa abin bugu ya ce, "Baba, ko za ka taɓa?" Ya yi murmushi, ya waiga ya ga masu wucewa, ya ce a'a. Ga dukkan alama ya iya. Wannan fa wasa ne da Najeriya ta yi suna a kansa, wanda Segun Toriola ya je gasar Olamfik sau bakwai da shi, Aruna Quadri kuma ya zama ɗan Afirka na farko da ya kai zagayen 'yan takwas a Riyo a 2016.

Masu riƙe da harkar wasanni a wurinmu, in an ce wasa, ƙwallon ƙafa suke ji, sai kofi da riguna da ranar rabon kyauta. Duk na matasa maza ne, su 22 a fili, sauran gari na kallo. Ban ƙi wannan ba. Amma daɓen siminti mai ƙafa 44 da raga da fenti kuɗinsu bai kai na bikin rufe gasa ɗaya ba, kuma ko badminton aka buga a kai, ko fikilbol, ko aka jera tebura biyu, duk ya yi. Gashuwa na da jami'ar tarayya tun 2013, ga kwalejojin ilimi a can da Nguru, ga makarantun sakandare masu katanga da ke zama wayam daga la'asar. Katangar tana da amfani biyu. Tana tare iskar hunturu da ke kwashe ƙwallo mara nauyi, tana kuma ba mata sutura, domin matan aure su ne aka fi mantawa da su a wannan magana. Makarantar 'yan mata guda ɗaya da za a buɗe wa matan unguwa yamma biyu a mako, da mace mai kula da ƙofa, za ta karɓi matan da babu inda za su iya zuwa yanzu.

Wanda zai fara, ya bar silifas a gida ya sa kambas. A Amurka ma likitoci sun ga ƙaruwar karayar wuyan hannu da tsinkewar agara a tsakanin tsofaffin da suka faɗa wasan fikilbol da zafinsu ba tare da sun ɗumama jiki ba. Minti goma ya isa a makon farko, a kan daɓen da aka share yashinsa.