Maganin Ƙwari Da Inabin Gida

Tun kafin 1930 manoman inabi na bakin kogin Mosel, a ƙasar Jamus, suna fesa wa gonakinsu wani magani mai guba da ake kira asinik, domin kashe tsutsar da ke huda 'ya'yan. Tsutsa kuwa ta mutu. Amma fa gubar ba ta ruɓewa, tana nan manne a ɓawo.

To, al'adarsu ce in sun matse inabin sun fid da giyar sayarwa, sai su zuba wa ɓawon da ya rage ruwa, su sake matsewa, su yi ta shan gida. Ga shi ba a wanke inabin da za a matsa. Watau inda gubar ta fi taruwa, shi manomi ya ajiye wa kansa, yana sha kullum, ban da wadda ya shaƙa wajen feshi.

Cutar ba ta fito nan da nan ba. Gwamnati ta hana maganin cikin 1942, duk da haka bayan shekara goma ko ashirin aka riƙa ganin mutanen nan tafin hannunsu ya yi kanta, hanta ta lalace, waɗansu kuma ciwon daji ya kama su.

Magungunan yanzu sun bambanta da wancan, amma suna da kwanakin jira tsakanin feshi da tsinka, an rubuta a jikin gwangwani. Mai inabi a bayan gida, ko na ci ne kawai, lalle ya ƙidaya kwanakin nan, kada kuma ya fesa maganin da ba a ambaci inabi a takardarsa ba.